Basillar Labbo

Kakana Labbo baduku ne,
a gindin dutsen Kwatarkwashi ya tsufa.
Ya bar mana buzu da almakashi mai tsatsa,
da wata basilla a cikin kube
wadda ya hana a taɓa, ko don aiki.

Ya ce shekarar da aka kwashi samari zuwa Bama,
auduga ta fashe fari fat,
ana cikin tsinka da hantsi
sai ga ƙugi daga kudu, babu hadari.
Mata suka watsar da kwanduna.
Nomau makaho yana ta cewa a gaya masa mene ne,
ba wanda ya iya buɗe baki.

Abin ya biyo layin dogo ƙasa-ƙasa
kamar mai neman kuɗin da ya yar.
Ya yi tari, ya yi shiru, ya sake tari,
ya shafi kan ɗorawar Maidamma,
ya dira a faƙo yana tsallen ɗan akuya,
yana jan jelar baƙin hayaƙi.

"Wanda ya fito yaro ne," in ji shi,
"ko gemu bai fara ba.
Kunne ja, leɓe a tsage,
hannu na rawa, ya kasa kunna taba.
Mu da muka zaci aljani
sai ga ɗan wata yana roƙon ruwa.
Ige ta miƙa masa ƙoƙo,
ya shanye har da laka ta ciki."

Kwana biyu kafin mota ta zo daga Gusau
da makanike da gwangwanayen mai.
Suka kwance, suka ɗaura, inji ya amsa.
Saura inda reshe ya yage shi
daga haƙarƙari zuwa wutsiya,
kamu uku na buɗaɗɗen miki.

"Na kai hannu ina jiran sanyin ƙarfe.
Ashe ƙyalle ne! Wallahi ƙyalle,
an ɗame shi kan 'yan sanduna kamar fatar ganga,
an shafe da wani ruwa mai hawa kai.
A ce mutum ya hau tsumma da itace
ya tafi inda harsashi ke jiransa?
Ranar na san ban gama ganin duniya ba,
na riƙe haɓa don mamaki.

Tafinta ya ce wa ya iya? Aka nuna ni.
Na durƙusa tun azahar har aka kunna aci-balbal.
Yaron ne ya riƙe mini wutar,
yana ƙirga da harshensu, ina yi da namu,
ɗari biyu da sha bakwai.
A ƙarshe na sa alamata, sawun tsuntsu,
wadda nake sa wa jaka da linzamin doki.

Ya ba ni sule biyu da gwangwanin madara.
Sulen ya tafi haraji,
madarar yara suka lashe a bayan ɗaki.

Da asuba muka share masa ƙaya da duwatsu.
Ya ruga, ya ruga, har muka ce ba zai iya ba,
sai ƙasa ta sake shi.
Ya kewaya dutsen sau ɗaya, shahuna suka watse,
ya karkata fiffike, ya miƙi gabas.
Shi ke nan. Ba wasiƙa, ba labari,
ko sunansa bai zauna mini a baki."

Na tambaye shi wata rana,
ko ya taɓa tunanin garin da aka zuba wa wuta
daga cikin abin da ya gyara.
Ya daɗe yana murza basillar.
Ya ce, "Na yi. Wannan na bar wa Allah,
ni ban san wa ya ci ba, ban san wa ya faɗi ba,
ba a shawarce ni ba a yaƙi.

Abin da ke tashe ni cikin dare daban ne.
Man fitila ya ƙare dab da ƙarshe,
ƙullin na yi shi da lalube.
Sau biyu na ninka ko sau ɗaya?
Iskar can sama ba irin tamu ba ce."

Har ya rasu, in jirgi ya gifta
sai ya ajiye fata, ya kāre ido da tafin hannu,
ba ya sake numfashi sai ƙugin ya ɓace.
Yau basillar na wurina.
Ni ma in na ji, sai in ɗaga kai,
ina duba masa ɗinki.